Saniyar Dattijo da 'Yan Kaboyin Dakalinmu

Bunkure, Jihar Kano
Maris, 1988

Zuwa ga Baban Hawwa,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan sallama, ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, tare da roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Barira da ƙawata Hawwa. Allah Ya tsare ku a garin Fatakwal, Ya sa albarka a aikinka na tashar jiragen ruwa, Ya raba ka da sharrin abokai da na zuciya. Mu nan gida lafiya lau, sai godiyar Ubangiji. Kakarku Iya ƙafarta ta yi sauƙi tun da sanyi ya ja baya, har takan dafa bango ta fito tsakar gida shan hantsi, tana tambayar ko an yaye Hawwa. Ƙanwarka Kubra ta koma makarantar kwana, kuma sakamakonta bai ba ni kunya ba. Alkamarmu ta bakin babban kanal ta nuna, ana shirin sa mata lauje. Tumatir kuwa ya faɗi warwas kamar yadda ya saba, har masu shi suna yankawa suna shanyawa a bakin titi.

Takardarka ta watan jiya ta iso, tare da sabulu da atamfar Iya, Allah Ya yi albarka. Haka kuma hular nan mai faɗin faifai da mujallar Turanci da ka aiko wa ƙanenka Maharazu sun iso, kuma a kansu nake so mu yi magana. Na lura gaisuwata da ta Iya ka gama su a 'yan layuka, sauran takardar kuwa ka ɓata ta wajen tambayar Maharazu ko ya kalli sabon fim ɗin wani Bature mai shirya finafinan kaboyi, da ko ya yarda da kai cewa mutumin nan ya fi kowa a duniya. Har ka yi wa ƙanen naka alkawarin na'urar bidiyo in ka zo hutu. To tunda ra'ayin mutanen gida kake nema a kan wannan Bature, ni zan ba ka shi cikakke, don babu wanda ya kai ni sauraron zancensa a garin nan, ba da son raina ba.

Ka san dakalin ƙofar gida yana ƙarƙashin tagar ɗakina. Tun rasuwar mahaifinku, Allah Ya jiƙansa, dakalin da ake zama a kai ana karatu bayan la'asar ya koma majalisar Maharazu da abokansa biyu: Ɗanladi mai babur, da Ibrahimu, wanda ya gama kwalejin horon malamai yake zaune yana jiran a ba shi aji. Duk Juma'a sai su ci ado su ce za su Kano sallah a babban masallaci. Allah ne masanin ko suna isa masallacin. Abin da na sani shi ne gidan silima ba ya wuce su, sai washegari su dawo ido jawur suna warin taba. Daga nan har wata Juma'ar ba ni da sauran kunne. Sunan Baturen ya fi ƙarfin harshensu, sai suka laƙaba masa Mai Dogon Numfashi, wai don a finafinansa ƙarti biyu sukan tsaya cikin rana suna hararar juna, har shayi ya huce a kofi kafin ɗaya ya zaro bindiga. Wannan harara ita ce abin da samari masu gemu suke biyan kuɗin mota su je su gani. Da sun tambaye ni, da na nuna musu raguna biyu a tsakar gida suna yin haka kyauta.

Maharazu shi ne jagoran masu cewa finafinan kaboyi na farko su ne ƙololuwar aikinsa, kuma ba a haifi wanda zai kamo ƙafarsa ba. Yakan ce babu wanda ya iya ɗaukar hoton tafiyar doki da fuskar mugu kamarsa, kuma tun da ya bar dawakai ya koma finafinan birni, na motoci da masu kwat, albarka ta tashi daga kansa. Ibrahimu kuwa, da yake ya ɗan leƙa aji, sai ya ce duk wannan wasan yara ne, mutumin bai zama mutum ba sai da ya tsufa ya yi wani dogon fim na tsohon direban jirgin ƙasa da 'ya'yansa suka guje shi. An ce ranar da aka nuna shi a Kano 'yan kallo jifan allon suka yi da ɓawon lemo, don an ci rabin fim ba a kashe kowa ba, kuma da wannan Ibrahimu yake kafa hujja cewa shi kaɗai ne mai hankali a cikin gidan. Ɗanladi bai yarda da ko ɗayansu ba. Shi a wurinsa Baturen ba komai ba ne in ba don mai yi masa kiɗa ba, wai ai makaɗi ke sa ɗan dambe ya yi suna. Akwai wani fito da ya kwaso daga can, yana yin sa a kan babur, yana yin sa a gona, ran nan har na ji shi yana yi da buta a hannu zai yi alwala.

Haka suke jera finafinan nan kamar masu tantance tumatir a kwando, wannan na ɗaya, wannan na biyu, wannan ruɓaɓɓe, gobe kuma a zubar a sake jeri. Sun san wane ekta ne ya fi saurin hannu, wane bos ne ya fi iya mutuwa, sun san dalilin da Baturen ya ɓata da abokin aikinsa. Ka tambayi Maharazu ranar da layin gonarmu ke da rabon ruwan kanal, sai ya sosa ƙeya. Ni ma na ɗauki mujallar da ka aiko na karance ta tas, don Turancin da na koya a sakandare bai gudu ba tukuna. Na ga hoton gwanin naku: wani tsoho mai tumbi da tabarau, zaune a kujera, wani na riƙe masa laima. Wannan shi ne mai koya wa 'ya'yan mutane jarunta. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana nuna yadda ake kashe mutum a kan jakar zinariya, da tsufa ya zo ya koma nuna yadda ake kuka a birni, ku kuma kuna gardamar wanne ya fi. Banza ta kori wofi. A duk labaran da na ji ta taga, ban ji inda wani ya gai da uwarsa ba, ban ji inda aka yi wa mamaci sutura ba, ban kuma ji inda ektan ya yi wanka ba.

Abin da ya fi ba ni takaici, kaboyin nan da ake ta yi wa kirari ai makiyaya ne, masu bin shanu a daji. To makiyaya muna da su a bayan gida. Yaran da suke toshe hanci in garke ya wuce, suke kiran Bafulatani ɗan daji, su ne suke biya don su kalli Bature yana kora shanu. In ka manta, bari in tuna maka da Dattijo. Tun kafin a haƙa kanal, tun gonar nan tana ta dawa da gero, mahaifinku ya ƙulla amana da shi: duk shekara in an kwashe amfani, Dattijo ya sauke garkensa a gonarmu, shanu su ci kara da ƙaiƙayi, su kwana a wurin su bar mana taki. Ba takarda, ba shaida, hannu kawai suka yi. Da noman rani ya zo aka riƙa wahalar da ƙasa sau biyu a shekara, gonakin maƙwabta da yawa sun gaji, wasu har farin gishiri ya fito musu, takin zamani kuma sai mai hanya. Tamu ba ta gaza ba, kuma ba wayonmu ba ne, shanun Dattijo ne. Manoma nawa suka bi shi da goro da dawa ya koma gonarsu, ya ce shi da marigayi ya yi magana. Nonon da aka yaye ka da shi, matarsa Baraka ce ta riƙa kawo shi a ƙwarya har ɗaki.

Bana ya iso da wuri, ya kafa ruga a fakon da ke bayan babban kanal yana jiran mu yanke alkama. Ana nan sai gardama ta tashi a dakali. Ibrahimu ya ce jifan igiyar nan da ake kama saniya tana gudu ƙarya ce, dabarar masu ɗaukar hoto ce, shi ya sa finafinan kaboyin ba su kai na birnin ba. Maharazu ya rantse cewa Mai Dogon Numfashi ba ya ha'inci, duk abin da ya nuna mai yiwuwa ne, shi ma da ya sha kallo zai iya. Ina jin su ta taga, na ɗauka fatar baki ce irin ta kullum. Ashe da la'asar, lokacin da shanu ke gangarowa mashaya, ƙanenka ya kwanto igiyar da muke ɗaure kwandunan tumatir, ya yi mata zarge, ya kifa hular da ka aiko, ya haye bayan babur ɗin Ɗanladi, tunda doki babu. Ibrahimu ya hau gada ya zama alƙali. Suka bi hanyar gefen kanal suka afka cikin garke, Ɗanladi na murɗa totur, Maharazu na juya igiya a sama.

Shanun Dattijo ba su san wannan wasa ba. Dabbar da ta saba a kira sunanta ta zo, ba a taɓa korar ta da inji ba. Garke ya watse, kuma cikin rashin sa'a igiyar ta faɗa a ƙahon uwar garken, wata farar saniya mai ciki wadda sauran suke bi. Ta fizgo Maharazu daga kan babur ta ja shi a ƙasa, sannan santsi ya kwashe ta a gangaren siminti ta rufta cikin kanal, ƙafafunta na gaba duka suka karye. Sai da maza suka taru da itatuwa kafin a fito da ita, kuma da aka ga ba za ta tashi ba, Dattijo da kansa ya karɓi wuƙa ya yanka ta don kada ta yi mushe. Waɗanda suke wurin sun ce bai ɗaga murya ba, bai ko dubi inda Maharazu yake zaune yana hura gwiwar hannunsa ba. Da mutane suka ba shi haƙuri, cewa ya yi ba komai, kwananta ne ya ƙare. Kafin magariba sai ga Baraka da naman cinya cike da ƙwarya, wai Dattijo ya ce a kawo wa gidan amininsa rabonsu. Ta ajiye, ta gaishe ni, ta juya ko ruwa ba ta sha ba.

Ni da Iya ba mu iya kai naman nan baki ba. Ƙanenka kuwa ya gasa ya ci, ya ce ai tunda mai saniya ya ce ba komai har ya aiko da nama, magana ta mutu. Dubi girman jahilci. Mutum ya haddace halin Turawan da bai taɓa gani ba, amma bai san cewa in Bafulatani ya ce ba komai a kan saniyarsa, kunya ce ta riƙe masa harshe ba. Naman nan da ya aiko ya fi mari ciwo. Mai unguwa ya so a zauna a yi maganar biya, Dattijo ya ce shi bai zo gonar marigayi ciniki ba. Tun daga ranar, ƙwaryar nono ba ta sake shigowa gidan nan ba, kuma shekaranjiya aka gaya mini an ga 'ya'yansa suna cire turakun maruƙa.

Sai na yafa mayafi na taka har rugar, abin da ban taɓa yi ba tun da na zo garin nan. Ya shimfiɗa mini tabarma, ya tambayi Iya, ya tambaye ka, ya tambayi Hawwa da sunanta. Na ba shi haƙuri iyakar iyawata. Ya ce ni uwa ce, ba a ɗora wa uwa wannan kaya, yaro kuma yaro ne. Sannan ya ce ya ji labarin ciyawa ta yi kyau wajen Tudun Wada, kuma shanunsa sun fara tsoron hanyar kanal. Daga ƙarshe ya ce hannun da ya riƙe a kan gonar nan yana ƙarƙashin ƙasa, kuma tun da aka rufe shi bai ga wanda ya miƙo masa wani ba. Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Da Baraka ta rako ni, ta gaya mini a fili abin da shi ba zai faɗa ba: zai dakata har a ga watan azumi. In babban ɗan marigayi ya zo da ƙafarsa ya zauna a tabarmarsa, shanu za su shiga gonarmu. In bai zo ba, za su yi kudu, kuma inda suka sauka bana nan za su riƙa sauka.

Game da Maharazu, na yanke nawa hukuncin. Tunda kaboyi yake so, na ba shi. Kullum da sassafe yana rugar Dattijo: shi ke kwashe kashin shanu, shi ke cire musu kaska, shi ke ɗauko wa maruƙa ciyawa a ka. Dattijo bai kore shi ba, bai kuma yi masa magana ba, matan ruga suna ta dariyar yadda yake zabura in bijimi ya kaɗa kai. Ya dawo ran nan yana ɗingishi, wai ashe saniya ta gefe take harbi. Na ce ya je ya tambayi Mai Dogon Numfashi dalilin da bai nuna wannan ba. Hular kuwa tana kan mutum-mutumin da ke korar tsuntsaye a gonar alkama, kuma a nan ta fara yin aikin kirki. Dakali na hana zama a kansa. Abokan nasa sun koma bencin mai shayi, kuma an ce har yanzu ba su gama ba: Ibrahimu na cewa abin da ya faru ya tabbatar da maganarsa, Ɗanladi na cewa ai igiyar ta kama, don haka Maharazu ne da gaskiya, laifin kanal ne da babu irinsa a ƙasar kaboyi. Saniya mai ciki ta tafi, su abin da ya dame su wa ya ci gardama.

Yanzu saura kai. Ban ce kai ka jefa igiya ba, amma kai ka fara kai shi silima yana ɗan firamare, ka ce mini za ku gai da kawunku a Kumbotso. Kai ka aiko da hula, kai ne kuma kake shirin kawo mini akwatin da zai shigo da hararar nan har cikin zauren mahaifinku. Inda saniyar gaba ta sha ruwa nan ta baya ke sha. Kada ka sayi bidiyon nan, in kuma ka riga ka saya, ka bar shi a Fatakwal. Kada ka aiko da kuɗi ko takardar ban haƙuri ka ce a kai wa Dattijo, na farko ba zai karɓa ba, ta biyu ba zai karanta ba. Zumunta a ƙafa take. Ka nemi hutu wurin shugabanninka, ka taho da goro mai kyau da kanwar shanu, ka je ka zauna a tabarmar mutumin nan ka miƙa masa hannu kamar yadda mahaifinku ya yi. Gonar nan ita ke ciyar da Iya, ita ke riƙe da karatun Kubra, ita ce kuma za ka tarar ranar da aikin gwamnati ya sallame ka. In shanun nan suka yi kudu, ba a shekara ɗaya za mu gani ba, amma za mu gani.

Na sha jin su ta taga suna cewa abin da ya fi burge su a finafinan gwaninku shi ne yadda mutumin kirki yake ɓullowa daga nesa, ba yawan magana, daidai lokacin da gari ke bukatarsa. Kai ma haka ka rubuta wa ƙanenka. To ga gari, ga lokaci, jirgin ƙasan Fatakwal kuma yana zuwa Kano. Zan ga ko kallon shekara da shekaru ya koya maka ko da wannan ɗaya.

Iya tana gaishe ku, ta ce a shafa mata kan Hawwa. Ka gai da Barira da kyau, ka ce ina yi mata sannu da ɗawainiya. Kubra ta bar saƙon gaisuwa kafin ta tafi, kawunku na Kumbotso ma yana gaisuwa. Maharazu da zai gaishe ka da bakinsa, amma yana ruga, ba zai dawo ba sai shanu sun koma turke. Allah Ya yi muku albarka, Ya shirya mana zuriya, Ya kawo ka lafiya kafin a ga wata.

Ni ce mahaifiyarku,
Ummulkhairi